Faifai Ya Tafi, Benci Ya Rage: Lissafin Gidan Gem a Gwarzo da Kabo

Wanda ya ɗauki titin Gwarzo daga Kabuga, ya wuce sabon matsugunin Jami'ar Bayero da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo har ya shiga garin Gwarzo, zai ƙirga shagunan cajin waya da rumfunan POS har ya gaji. Abin da zai yi wuya ya gani shi ne kantin da aka jera faifan gem sababbi fil a cikin ledarsu, kowanne da farashinsa a manne. Irin wannan kanti ne ake ta makokinsa yanzu a Ingila da Amurka. Mu nan ba mu taɓa mallakarsa ba, balle a zo mana ta'aziyya. Abin da muka sani shi ne gidan gem: ɗaki ɗaya, talabijin biyu ko uku, benci, labule a bakin ƙofa, janareto yana ta kuka a waje, yara sun yi cincirindo suna jiran wanda aka ci ya tashi.

To me ya kai mu duba alƙaluman wasu? Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A nan ma ba gemu ba ne, gem ne. Kuma akwai wata igiya da ta ɗaure kantin Landan da ɗakin nan na bayan tasha a Kabo, wadda sai an bi lambobin a hankali ake ganinta.

Mu fara da can. GameStop, kamfanin Amurka da ya fi kowa yawan kantunan gem a duniya, yana da shaguna sama da 7,000 a farkon 2017. A watan Fabrairun 2025 sun koma 3,203. A shekarar kasuwancinsa ta 2024 kaɗai ya rufe 590 a cikin Amurka. Cinikinsa, wanda ya haura dala biliyan 9 a 2015, ya sauko zuwa dala biliyan 3.8 a 2024. A Birtaniya kuwa, kamfanin GAME ya durƙushe tun a watan Maris na 2012, aka rufe shaguna 277 a tashi ɗaya, ma'aikata kimanin 2,100 suka rasa abin yi. An farfaɗo da shi, Sports Direct ya saye shi a 2019, amma da yawa daga rassansa sun koma 'yar kusurwa a cikin kantunan sayar da takalma da rigunan ƙwallo.

Ba wai an daina buga gem ba ne. An fi bugawa ma yanzu. Faifai ne aka daina saye. Ƙungiyar dillalan kayan nishaɗi ta Birtaniya, ERA, ta ce a 2022 kusan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin da aka kashe a kan gem a ƙasar ta intanet suka bi. Sai dai wannan adadi yana da ɗan ruɗi, domin an haɗa har da wasannin waya da kuɗin rajista na wata-wata, waɗanda dama ba su taɓa zama a kan kanta ba. Adadin da ya fi gaskiya ga mai shago shi ne na Sony, mai PlayStation: a 'yan shekarun nan, cikin kowane wasa goma da aka saya don na'urorinsa, bakwai ko fiye saukewa aka yi, ba faifai ba. Kenan abin da ya rage wa duk kantunan duniya su yi rububi a kai bai wuce wasa uku cikin goma ba.

Kamfanonin ba su ɓoye inda suka dosa ba. Da PS5 ta fito a Nuwamban 2020, iri biyu aka yi: mai cin faifai a dala 499, wadda ba ta da wurin sa faifai a dala 399. Wato an ba ka rangwamen dala ɗari don ka yi sallama da mai shago har abada. Da PS5 Pro ta zo a Nuwamban 2024 a kan dala 699, babu wurin faifan gaba ɗaya, sai in ka saya daban.

Mutumin Kano bai kamata wannan labari ya ba shi mamaki ba, domin ya ga irinsa da idonsa, a wata sana'ar. Daga Turmin Danya a 1990 zuwa shekarun da Sangaya ya tashi kan garin, finafinan Hausa a jikin kaset suke tafiya, daga baya suka koma faifan CD. Dillalai a Ƙofar Wambai da Bata su ne masu riƙe da akalar kasuwar. Daga hannunsu kaya ke bin motocin haya zuwa Gwarzo, Getso, Garo da sauran garuruwa, inda ƙaramin mai shago zai sayar ko ya ba da haya ta kwana ɗaya. Sai waya mai memori ta shigo. Matasa masu kwamfuta suka buɗe rumfunan tura fim da waƙa a kan 'yan kuɗi kaɗan. Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta shigar da dogon shiri cikin ɗakuna kyauta. Zuwa 2020, lokacin da Izzar So da Labarina suka mamaye baki, mai kallo ya riga ya manta rabonsa da riƙe faifai. A Amurka an yi haka da Blockbuster, mai shagunan hayar fim kimanin 9,000 a 2004, wanda ya karye a 2010. Shago ɗaya tak ya rage da sunan, a garin Bend na jihar Oregon, mutane na zuwa ɗaukar hoto a gabansa kamar gidan tarihi.

Mai kaset ya tafi, amma mai gem yana nan. Dalilin a fili yake in an duba abin da kowannensu ke sayarwa. Mai kaset kwafi yake sayarwa, kwafi kuwa ana iya tura shi ta iska. Mai gidan gem bai taɓa sayar da faifai ba. Minti goma yake sayarwa: wurin zama, wutar lantarki, na'urar da yaro ba zai iya saya ba, da abokin karawa a gefensa wanda zai yi wa dariya in ya zura masa uku. Ba a sauke waɗannan daga intanet. Shi ya sa guguwar da ta kwashe GAME ba ita ce ke kaɗa labulensa ba. Nasa ciwon daban ne, kuma sunayensa biyu: dala da fetur.

Dala tukuna. A ƙarshen 2020 farashin gwamnati yana wajen naira 380. PS5 mai dala 499 ta kama kusan naira 190,000 a wannan lissafi, kafin kuɗin dako da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne, wato albashin wata shida da 'yan kwanaki. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, a 2024 dala ta zauna a wajen naira 1,500 zuwa sama. Na'urar nan dai, da farashinta na dala bai motsa ba, ta koma kusan naira 750,000. An ƙara albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, gwamnatin Kano ta ɗora dubu ɗaya ta ce 71,000. Raba ka gani: wata goma da rabi. Albashi ya ninka fiye da biyu, amma na'urar ta ƙara nisa da wata huɗu. A watan Agustan 2025 kuma Sony ya ƙara dala 50 a kan farashinta a Amurka, abin da ba a saba gani ba, don a da na'ura in ta tsufa sauƙi take yi.

Wasan kansa fa? Sabon wasan ƙwallo na kamfanin EA, wanda aka sani da FIFA har zuwa 2023 kafin ya koma EA Sports FC, dala 70 ne a sababbin na'urori. A naira 1,500, ya kama 105,000. Faifai ɗaya ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikacin gwamnatin Kano da naira 34,000, kuma bayan wata goma sha biyu ya zama tsohon yayi, don 'yan wasa sun sauya kulob. Wannan lamba ita kaɗai ta isa ta bayyana dalilin da ya sa kantin faifan asali bai taɓa kafuwa a Gwarzo ba, da kuma dalilin da ya sa sana'ar ta ginu a kan na'urori 'yan Kwatano da aka buɗe musu ciki aka loda musu wasanni. PS2, wadda ta fito a 2000 aka sayar da fiye da miliyan 155, Sony ya daina ƙera ta tun farkon 2013, amma ta ci gaba da ciyar da gidaje a ƙasar Hausa shekaru bayan nan, da wasan ƙwallo na Konami da masu dabara ke sabunta wa sunayen 'yan wasa duk kaka. Ban ce halal ba ne a dokar haƙƙin mallaka. Na ce haka lissafin ya tilasta.

Yanzu fetur, wanda a ganina shi ne mai yanka. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, farashin gwamnati bai kai naira 200 a lita ba. Cikin kwana biyu ya haura 500. A Yulin shekarar ya wuce 600, a Oktoban 2024 ya tsallake 1,000, kafin ya ɗan sauko ƙasa da dubu a 2025.

Mu ɗauki alli mu yi lissafi a kan misali, ba shagon wani ba. A ce ɗaki mai talabijin uku, yana aiki awa shida, daga la'asar zuwa ƙarfe goma na dare. A ce kowane wasa da sauya 'yan wasa da gardamar da ke biyo baya minti goma sha biyu ne, wato biyar a awa. Iyakar abin da ɗakin zai iya ɗauka a rana wasa 90 ne, in benci bai taɓa hucewa ba. A ce janareto na shan lita huɗu. A naira 195, man rana naira 780 ne. In wasa naira 50 ne, wasa 16 sun biya mai, sauran na mai shago. A naira 1,000, man rana 4,000 ne. Ko da ya ninka kuɗin wasa zuwa naira 100, sai an buga 40 kafin ya fanshi man da ya zuba.

Amma benci yana hucewa. Akwai sallar magariba da isha, akwai islamiyya, akwai damina da yara ke gona, akwai ranar da Barcelona ko Chelsea ke wasa kowa ya tafi gidan kallo. A ce rabin adadin ake samu, wasa 45. A tsohon lissafi ciniki 2,250, a cire mai, saura 1,470. A sabon lissafi ciniki 4,500, a cire mai, saura 500. Ciniki ya ninka biyu, abin da ke shiga aljihu ya koma kashi ɗaya cikin uku, a daidai lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Daga cikin ɗari biyar ɗin nan za a biya hayar ɗaki, a gyara abin bugawa da yara suka karya wa maɓalli, a sayi baƙin mai, a sallami yaron shago. Kuma ba zai iya ninka farashi sau biyar yadda fetur ya yi ba, domin kwastomansa ɗan shekara goma sha uku ne da canjin aike a hannu.

Ga wata lamba da ta fi ba ni haushi. PS4 da talabijin ɗinta na zamani suna jan wuta wajen wat 170. Uku, da fanka da ƙwan fitila, a ce wat 600. A awa shida, yunit 3.6 kenan. A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin wuta na rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 a yunit, ƙasa ta ɗauki kuka. To ko a wannan farashi mafi tsada, wutar ɗakin nan naira 810 ce a rana. Da janareto 4,000. Wato mai shago a ƙauye yana biyan ninki biyar na abin da mazaunin unguwar masu hali ke kuka da shi. Matsalarsa ba tsadar wutar KEDCO ba ce, rashinta ne. Wanda ya shaida duhun da ya rufe yawancin Arewa fiye da mako guda a ƙarshen Oktoban 2024, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, ya san abin da nake nufi.

Sai abokin gaba na uku, wanda ke cikin aljihun kwastoman. Kusan rabin kuɗin da ake samu a harkar gem a duniya yanzu daga waya yake fitowa. Free Fire ta fito a 2017, PUBG ta waya a 2018, Call of Duty ta waya a 2019, duk kyauta ake saukewa. Abin da ya fi taɓa gidan gem kai tsaye shi ne matakin Konami na 2021: ya kashe sunan PES, wasan da aka gina sana'ar a kansa, ya mai da shi eFootball, kyauta, ba faifai, kuma ana buga shi a waya. Saurayin da ya sayi wayar hannu a kasuwar Farm Centre ba ya bukatar layi a benci.

Sai dai a nan ma a yi hattara da alƙaluma. Hukumar sadarwa ta NCC ta ce a ƙarshen 2024 intanet mai sauri ya kai wajen kashi 44 cikin ɗari na 'yan ƙasa. Wannan matsakaici ne da ya haɗa Legas da Abuja da ƙauyukan bayan Getso a kwano ɗaya, kuma layuka ake ƙirgawa ba mutane ba, mai layi biyu sau biyu yake shiga. A Janairun 2025 hukumar ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Wayar da za ta ɗauki waɗannan wasanni ba tare da ta yi zafi ta tsaya ba, ita ma da dala ake shigo da ita. Don haka waya ta kwashe manyan samari masu abin hannu, ta bar wa mai shago ƙanana, waɗanda suka fi yawa amma suka fi ƙarancin kuɗi.

Yawa kam akwai shi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gwarzo mutum sama da 180,000, Kabo sama da 150,000. Ba a sake ƙidaya ba tun daga nan, wadda aka shirya a 2023 ma ɗage ta aka yi, amma kowa ya san an ƙaru ƙwarai. Sama da kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya ba su kai shekara 15 ba. Ko da tsohon adadin aka yi aiki, yara sun haura 130,000 a ƙananan hukumomin biyu. A cire mata, waɗanda al'ada ba ta kai su gidan gem, a cire jarirai, a cire waɗanda iyayensu suka yi rantsuwa ba za su taka wurin ba, kuma iyayen suna da hujjarsu, don an sha ganin kuɗin cefane ya ƙare a bugun fanareti. Abin da ya rage har yanzu kasuwa ce. Mai kanti a Ingila kwastoma ya rasa. Namu yana da kwastoma, riba ce ta gudu.

Wannan bambanci ne ya sa nake ganin ƙaramin mai shago a nan ya fi takwaransa na can makoma, in ya warware abu ɗaya. Naira 4,000 a rana 120,000 ce a wata, miliyan 1.44 a shekara. Wannan ce lambar da zai ajiye a gefen farashin sola, ba wata ba. Inda gizo ke saƙar shi ne cinikinsa na dare ne, rana kuwa ta faɗi, don haka ba faranti ne babban kashin kuɗin ba, batiri ne. Kuma fetur kullum ake saye da cinikin jiya, sola kuwa a dunƙule ake biya. Mutumin da ke tashi da ɗari biyar a rana ba zai tara wannan ba sai da adashi, ko bashin ɗan'uwa, ko sayar da amfanin gona.

In ya samu ya kafa, sai lissafin ya juye gaba ɗaya, domin farantin da ke cika batiri da rana yana iya cajin wayoyi tun safe. Daga nan ake samun shagon da ake gani yanzu: gem a ciki, allon caji a bakin ƙofa, kwamfutar tura fim a gefe, na'urar POS a kan teburi tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa kowa amfaninta, wataƙila da firij na ruwan sanyi. Ba wata sabuwar hikima ba ce. GameStop da kansa yanzu ya karkata ga katunan Pokémon da kayan ajiye na masoya wasanni don cike gurbin faifai. Kowa na neman abin da ba a turawa ta iska. Sai kuma gyara: abin bugawa da maɓallinsa ya saki, na'urar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka. Duk yaron da ya iya buɗe PS4 ya share ta ya mayar, ya samu sana'ar da tsadar dala ke ƙara wa daraja, tunda ba mai iya yar da tsohuwa ya sayi sabuwa.

Saura igiyar da na ambata a farko. Na'urorin da ke ɗakunan nan ba daga masana'anta suka zo ba. Wani yaro ne a Turai ko Amurka ya gaji da tasa, ya kai kanti aka musanya masa, ta bi kwantena zuwa Legas, ta shiga kasuwar Alaba, ta hau mota zuwa Kano, ta ƙare a Kabo tana da shekara bakwai ko takwas a duniya. Kantunan da ke karɓar tsofaffin kaya su ne bakin wannan rafi. A farkon 2024 GAME ya daina karɓar musanyar tsofaffin wasanni gaba ɗaya. PS4 kuwa, da aka sayar da kimanin miliyan 117 tun fitowarta a 2013, za ta ci gaba da kwararowa na wasu shekaru, kuma har zuwa 2025 EA na fitar mata da sabon wasan ƙwallo. Amma wasan da aka sauke yana ɗaure ne da asusun wanda ya saya, ba ya bin na'ura in an sayar da ita. PS5 maras wurin faifai da wani yaro ke bugawa yau a Manchester, in ta iso Gwarzo a wajen 2030, fanko za ta zo, tana neman intanet mai ƙarfi da katin banki mai biyan dala kafin ta nuna ko da filin ƙwallo.